Na Wanke Injin Bature da Yashi

Tun kafin motar nan ta lalace nake jin tsoronta. Ba ƙararta ba, ko da yake ranar da na fara jin ta sai da na zubar da ƙullun da ke hannuna. Abin da nake tsoro shi ne kayan Bature a hannun mijina. Shekarar da anka kawo ni gidansu a Ƙofar Marke, an kama kukun wannan Baturen saboda agogon bango ya suɓuce masa ya fashe yana cikin goge shi. Wata shida ya yi a gidan yari, da ya fito kuma ƙafafunsa duk shatar mari. Matarsa tana zuwa gidanmu surfe a lokacin, na ga yadda ta koma. To, agogo ke nan, abin da mutum ɗaya ke ɗauka da hannu. Mijina kuwa mota sukutum anka damƙa masa.

Baturen na wani kamfani ne mai sayen fatun awaki. Motar tasa ba irin manyan nan ba ce masu ɗaukar kaya. Sau biyu na leƙe ta ta kafar ƙyauren zaure: 'yar ƙarama ce, koriya, ba rufi, kujera biyu tak, ga dogon hanci an ɗaure shi da ɗamarar fata, cikinta kusa da ƙasa kamar na damo. Ko buhu ɗaya ba ta ɗauka. Don gudu kawai anka yi ta. Shi Baturen ke tuƙa abarsa. Mijina yana zaune gefe, shi ke murɗa ƙarfen nan na hanci har ta tashi, shi ke ba ta ruwa, shi ke liƙe taya, in ta ƙi tafiya shi ke kwanciya ƙarƙashinta. Ɗan maƙera ne, ya taɓa zama Zariya wurin masu gyaran jirgin ƙasa, shi ya sa ake ce masa fita, wato mai gyaran inji.

Uwarsa, wadda nake kira Inna, ba ta taɓa ce mata mota ba. Akuyar Nasara take cewa, wai kullum ana ba ta tana sha, ba nono, ba ɗa.

Farkon damina ne, ranar wata Laraba da hantsi, ina ba ɗiyata nono, a lokacin ko zama ba ta fara ba. Na jiyo motar daga nesa, sun fito wajen Dundaye, amma ba da muryarta ba. Wani bugu take yi kamar ana daka da taɓaryar ƙarfe. Ta yi tari sau uku ta yi shiru. Can sai na ji hayaniyar maza suna turi, har sunka kawo ta ƙarƙashin rumfar maƙera da ke ƙofar gidanmu, don nan ne kusa, nan kuma kayan aiki suke.

Na tsaya bayan katanga ina saurare. Bature ya yi magana mai tsawo, tafintansa ya taƙaita.

"Ya ce ka buɗe ta ka gani. Ya ce in ƙusa ɗaya ta ɓace, ko wani abu ya ƙara lalacewa hannunka, kai da Joji, alƙalin Nasara. Ni dai na hwaɗa maka, fita, kada gobe ka ce ba a gaya maka ba."

Mijina ya ce, "Na ji." Ni ma na ji.

Kwana uku ya yi yana kwakkwance cikinta. Bai yarda ya bar ko noti ɗaya a rumfa ba, duk abin da ya cire sai ya shigo da shi ɗakin baƙi, wani soro da ba mai kwana ciki. Ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ja layuka da gawayi, ya jera su. Akwai wasu huɗu kamar kofuna, su yake kira fistin. Akwai wasu takwas kamar manyan ƙusoshi masu faffaɗan kai. Akwai zobba, da ƙanana-ƙanana da ban san sunansu ba, da wani siririn bututu na jan ƙarfe mai lanƙwasa biyu. Dukansu baƙi ƙirin, sun sha mai da kunkunniya kamar gindin tukunya.

Ya kira ni bakin ƙofa ya nuna mini.

"Kin gan su? Kama ɗaya suke yi, amma kowane da gidansa. Wanda ya saba da rami na ɗaya ba shi zama na biyu. Kada ki taɓa. Kada ki bar kaji su shiga."

Na ce to. Bai yi mini maganar ruwa ba, bai yi maganar yashi ba. Wa zai kawo wannan a ransa?

Ɗaya daga cikin kofunan nan ne ya tsage, kuma ba irinsa a Sakkwato, ba a Kano. Sai an aika Ikko, jirgin ƙasa ya kawo shi Gusau. Anka aika. Wata ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya mutu. Gero ya yi kai a gonakin bayan gari, motar tana nan a rumfa da hancinta buɗe, an lulluɓe ta da tsofaffin fatu. Kowace Litinin tafinta zai zo ya ƙirga abin da ke bisa tabarma, ya tafi. Mijina ya rage cin tuwo. Da asuba kafin ya tafi masallaci sai ya leƙa ɗakin, in ya dawo ya sake leƙawa. Ni kuwa da na ji sallamar baƙuwar murya a zaure, sai in ce 'yan doka ne.

Rannan takarda ta zo cewa kayan sun iso Gusau, amma ruwa ya cinye hanya, ba motar da ke wucewa. Bature ya ce fita ya je da ƙafa ya ɗauko. Ya bi masu jakai, ya ce mu sa ran ganinsa bayan mako biyu.

Kwanansa huɗu da tafiya, bayan la'asar, hadari ya taso daga gabas. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina cikin kwashe shanya na tuna indararon ɗakin baƙi ya daɗe da toshewa. Na ruga da goyo a bayana. Da na tura ƙyaure sai na ga rufin yana zubar da jan ruwa, ƙasa tana faɗowa guntu-guntu daga tsakanin azara, daidai kan tabarmar. Ban tsaya tunani ba. Na kama bakin tabarma da hannu biyu na ja ta zuwa lungu. Har yau ina jin ƙarar da sunka yi sa'ad da sunka gangaro wuri ɗaya.

Inna ta shigo da ƙwarya a ka tana tsare ruwa. Ta duba, ta dube ni.

"Innalillahi. Amarya, kin haɗa musu dangi."

Da ɗiya a bayana ma amarya take ce mini, musamman in na yi ɓarna.

Da gari ya waye munka sake dubawa. Layukan gawayi sun wanke. Laka ta bushe a kan baƙin man nan, kowane ƙarfe ya zama kamar an tono shi daga kududdufi. Litinin saura kwana uku, tafinta zai zo.

Inna ta ce, "Haka za ki bar su? Shi zo shi ishe kayan Nasara cikin taɓo, shi koma shi ce gidan ga ba mace? Ɗauko toka da yashi. Ƙarhe dai na. Tasarki ba ƙarhe ba ce?"

"Ya ce kada a taɓa, Inna."

"Awo, ya ce. Da kinka ja tabarma da ƙahwa kinka ja ta?"

Ba zan ɗora wa Inna ba. Ni ma abin da zuciyata ta ba ni ke nan. Tun ina yarinya abin da anka koya mini, duk ƙarfen da ya yi baƙi a gidan mace, abin kunyarta ne. Na ga kamar in sunka yi haske, laifin tabarmar zai ragu.

Na fito da su tsakar gida ɗaya bayan ɗaya. Na tankaɗe toka, na ɗebo yashin gulbi mai laushi wanda nake ajewa don tasoshin aurena, na jiƙa tsamiya. Tun hantsi nake cuɗawa har azahar ta wuce. Kuma wallahi sun yi kyau. Kofunan nan sai da na ga fuskata a jikinsu. Inna tana zaune tana kaɗi tana cewa, "Yauwa. Shi kansa Nasaran bai taɓa ganin hanjin akuyarsa da haske haka ba."

Ta tashi ta shiga yin salla, ya rage saura bututun jan ƙarfen. Da na goge bayansa da tsamiya sai ya yi ja wur kamar sabuwar munduwa. Na leƙa cikinsa na ga baƙin mai ya daskare. Sai na yi masa yadda ake yi wa gora: na zuba yashi, na zuba ruwa, na toshe bakin biyu da manyan yatsuna, na girgiza, na zubar. Sau uku na yi. Na ɗauraye har ruwan ya fito fari. Amma gora cikinta a buɗe yake, ana gani. Wannan kuwa lanƙwasa biyu gare shi, kuma ba idon da ke kaiwa can.

Washegari na tarar da su sun fara jan tsatsa, ban da bututun. Nan ne na san na yi abin da ba a yi. Na ɗauko man shanun da nake ɓoyo na shafe su duka, na jera yadda na iya tunawa. Tafinta ya zo ranar Litinin, ya ƙirga, sun cika. Har ya ce, "A'a, fita ya yi aiki kafin shi tahi."

Mijina ya dawo ranar kwana goma sha shida, ƙafarsa duk ta fashe, da ɗan akwati ɗaure a ƙirji. Ko ruwa bai sha ba ya nufi ɗakin. Ina tsaye bakin murhu, da ludayi a hannuna. Ya daɗe a ciki. Sannan ya ce, "Ke." A hankali ya faɗa, wannan ya fi tsawa ba ni tsoro.

Na same shi a tsugune, ya ɗauki ɗaya daga cikin ƙusoshin nan yana sunsunawa.

"Man shanu?"

"Tsatsa sunka fara."

"Mi ya kawo tsatsa?"

Na gaya masa ruwan sama, da rufi, da tabarma, da laka. Yana ji yana shafa kofin da ɗan yatsa, yana kai shi wajen haske. Sai na ga ya daina motsi.

"Da mi kinka cuɗa su?"

"Toka."

"Da mi?"

"Da yashi."

Ya zauna daɓas a ƙasa. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Fuskarsa ce ta zama irin ta kukun nan ranar da anka wuce da shi. Inna ta leƙo ta ce, "Kai, ni na ce ta wanke, in hwaɗa za ka yi ga ni." Ya ce, "Inna, ƙwayar yashi ɗaya cikin inji ta fi wuƙa. Shina cin ƙarhe kamar gara."

Ya juyo wurina. "Ki gaya mini gaskiya. Ina da ina yashin ya shiga?"

Na dubi fuskar nan tasa. Na ji in na ƙara masa ko kalma ɗaya zai faɗi. Na ce, "Bisa kawai. Bayansu na cuɗa."

Wannan ita ce ƙaryar. Ita kaɗai na taɓa yi masa.

Gyaran da ya kamata ya ɗauki kwana biyar sai da ya ci wata guda. Ya gaya wa tafinta wai sabon kofin bai zauna daidai ba, sai an bi shi a hankali. Ya samo kananzir a tasa, yana wanke kowane ƙarfe da gashin kaza, ya shanya, ya sake wankewa. Ƙusoshin nan takwas kuwa sai da ya gwada kowace a kowane rami, yana murzawa tsakanin tafin hannunsa kamar mai burka miya, yana sa kunne, har ya gano gidan kowace. Wata rana guda ɗaya tak yake samu. Ina kai masa fura, in dawo in tarar ƙuda ne kawai sunka sha.

Ranar da ya zo kan bututun ina tsaye da ƙwarya a hannu. Ya ɗauke shi, ya tsoma bayansa a kananzir, ya kai baki ya hura. Iska ta fita ta ɗaya bakin. Ya gyaɗa kai ya ajiye. Na ce wa kaina ai iska ta wuce, ai na ɗauraye har ruwa ya yi fari. Kafin la'asar ya ɗaura shi can ƙasan cikin injin, ya dinga ɗora sauran a kansa.

Ruwa ya ɗauke, anka fara yankan gero. Ranar da ya gama, rabin unguwa sun taru. Ya murɗa ƙarfen hanci, shiru. Ya sake, shiru. Ina ƙirgawa daga bayan katanga, a na tara ta yi atishawa, ta kama. Maza sunka yi kabbara. Ni kunne na kasa. Kowa yana jin inji, ni ina jin kamar wani abu ƙasa-ƙasa, irin wanda haƙori ke ji in an ci tuwon da ba a rege ba. Ko yana nan, ko kunnena ne, Allah kaɗai ya sani.

Bature ya zo ya zagaya da ita har Ƙofar Taramniya ya dawo yana dariya. Ya ce jibi za su Kano.

Da yamma mijina ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari. Ya ɗauki ɗiyarmu yana cilla ta sama. Wata huɗu rabon da in ga haƙoransa. Na zauna nesa kaɗan na ce, "Malam, bututun nan ja, mi aikinsa?"

"Shi ka kai mai ga zuciyar inji. In ya toshe, ƙarhe shi ci ƙarhe, an gama."

"In za a ciro shi fa?"

"Sai an sauke komi. Mako guda. Don mi kike tambaya?"

"Kyawonsa na gani."

Ya yi dariya ya ce, "Ke da jan ƙarhe. In na dawo Kano na sawo miki munduwa, ki bar wa Nasara nasa."

Mako guda, Bature kuwa ya ce jibi. In na faɗa, me zai gaya wa tafinta? In ban faɗa ba, tsakanin nan da Gusau daji ne. Na kwana biyu ina auna su, kowane na ɗauka sai in ga mari a ƙafarsa.

Ranar tafiya da sassafe ya yi mini sallama a tsakar gida, ya fita. Inna ta bi shi waje, ita tsohuwa ce, ba mai hana ta. Na tsaya ni kaɗai da goyo. Da na ji ya kama ƙarfen hanci, sai abin ya warware mini sarai: gara ya sha faɗan Bature a ƙofar gidansa, cikin danginsa, da a ce ta mutu musu a daji inda ba mai shaidarsa. Na ruga zaure. Tun da anka kawo ni ban taɓa taka bakin ƙofar waje da rana ba. Na tsaya bayan ƙyaure, ga maza cike, ga tafinta, ga Bature da hularsa.

Na ce, "Malam!"

Mutum uku sunka waiwayo, ba shi a ciki. Injin ya riga ya tashi. Na ce, "Maigida!" Ni kaina ban ji muryata ba. Abu ɗaya ne zai sa ya juyo, sunansa na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba, ko a ɗaki, ko a zuci sai da kunya. Yana kan harshena. Na ga ya zagaya ya shiga, ya ja ƙofa. Na ga Bature ya kama wani ƙarfe ya tura.

Na kira shi. Da ƙarfi na kira, gaban kowa. Amma sun riga sun sha kwana, hayaƙi kawai ya rage.

Inna ta turo ni ciki ta rufe ƙyaure.

"Sunan ɗana kinka kira a titi? Kin haukace?"

Na durƙusa na gaya mata maganar bututun. Ta zauna a ƙasa kusa da ni. Sannan ta ce, "Ni na ce ki ɗauko yashin." Daga ranar ba ta ƙara ce mini amarya ba.

Yau kwana arba'in da uku. Ya ce kwana goma za su yi. Inna tana fita kullum wurin da fatake ke sauka tana tambaya. Wani ya ce ya ga motar ta wuce Dange kamar iska. Wani mai jakai ya ce ya gan ta kafin Talatar Mafara, mutanen ƙauye suna jan ta da igiya, wani mutum yana bin ta a baya da ƙafa, ba Bature a wurin. Wani ya ce a'a, a Gusau ya gan ta, lafiya lau. Wata mai sayar da daddawa ta ce ta ji an kama wani fita, amma ba ta san na wace mota ba. Tafinta ya daina biyowa ta ƙofarmu, in Inna ta tare shi sai ya ce takarda ba ta zo ba. Ɗiyata ta fara rarrafe, kullum zaure take nufa.

Ban sani ba ko yashin ne. Wataƙila ba ko ƙwaya ɗaya da ta rage, wataƙila wani abu dabam ne ya tsare su. Amma in an buɗe injin an ga yashi, za a ce fita ne ya yi sakaci, shi kuma ba zai iya kare kansa ba, don bai san inda ya fito ba.

Shi ya sa na rubuta wannan da ɗan ajamin da na koya kafin a yi mini aure. Kai da ka karanta, ko anka karanta maka, in hanyarka ta bi Mafara, ko Gusau, ko Kano, don Allah ka tambayi labarin fitan Baturen fata, mutumin Ƙofar Marke. In ka same shi a sake, ka ce masa ya ciro bututun jan ƙarfe ya wanke cikinsa. In ka same shi a tsare, ka nemi wanda ke jin Turanci ya gaya wa Joji cewa matarsa ce ta zuba yashin, shi bai sani ba, kuma tana nan gida in ana neman ta.